Buri uku a cikin "Hannun Biri" na W. W. Jacobs: wane darasi ne?

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba gajeren labarin nan na ban tsoro da marubucin Ingila W. W. Jacobs ya wallafa a 1902, The Monkey's Paw, wanda masu karatun Faransanci suka sani da La Patte de singe. Tambayarmu ɗaya ce: shin kwaɗayi ne labarin yake hukuntawa, kamar yadda aka saba faɗa?

Ga labarin a taƙaice. Wani tsohon soja mai suna Morris, wanda ya yi shekara 21 a Indiya, ya kawo ma iyalin White busasshen hannun biri. Ya ce wani fakiri ne ya yi masa tsafi, yana biya ma mutum uku buri uku-uku, don ya nuna cewa ƙaddara ke mulkin rayuwa, mai tsoma hannu cikinta kuwa zai yi nadama. Morris ya jefa shi cikin wuta, tsoho White ya ciro shi, ya roƙi fam 200. Washegari inji ya kashe ɗansu Herbert wurin aiki. Kamfanin ya ƙi ɗaukar laifi, amma ya aiko da diyya: fam 200 cif.

Masu sharhi da yawa suna tsayawa nan su ce kwaɗayi mabuɗin wahala. A ganinmu wannan fassara ba ta zauna daidai ba. White da bakinsa ya ce ba shi da abin da ya rasa. Ɗansa ne, cikin raha, ya ba shi shawarar ya roƙi abin biyan bashin gida. Wannan ba haɗama ba ce. Laifinsu, in akwai shi, shi ne wasa da abin da aka gargaɗe su a kansa, alhali an gaya musu cewa mutumen farko da ya mallaki hannun, mutuwa ya roƙa a burinsa na uku.

Mu lura kuma da hanyar da kuɗin suka biyo. Ba aljani, ba hayaƙi: wakilin kamfani ne ya ƙwanƙwasa ƙofa. Tun farko Morris ya ce abin yana faruwa ne kamar dacewa kawai, don haka mai karatu yana iya cewa haɗari ne irin wanda ma'aikatan masana'antu suka saba gamuwa da shi a zamanin.

Buri na biyu ya fi nauyi. Bayan kwana 10 uwar ta matsa ma mijinta ya roƙi ɗansu ya dawo. Ƙauna da baƙin ciki ne suka sa ta, kuma da wuya a zarge ta. Uban kuwa ya ga gawar, da tufafi kaɗai ya gane ta, ya san abin da zai taso daga maƙabarta mai nisan mil 2. Cikin dare aka fara bugun ƙofa. Uwar tana kokawa da sakata, uban yana laluben hannun birin a ƙasa.

Jacobs bai faɗi kalmomin buri na uku ba, bai kuma nuna mana wanda yake waje ba. Bugun ya tsaya, aka buɗe ƙofa, sai fitilar titi tana haska hanya ba kowa. Uban da ya roƙi ɗansa ya dawo, shi ne ya maida shi.