Me Ya Sa Wasu Ke Gudun Allurar Rigakafi?

Tun zamanin En'e, sa'ad da malaman asibiti ke bin ƙauyuka suna yi wa jama'a lambar agana, akwai masu ɓoye 'ya'yansu. A da akan ce jahilci ne kurum. Masu bincike na yanzu sun bar wannan magana, sun koma tambayar mutanen da kansu.

Wani babban abin da ya juya akalar binciken a ƙasarmu ya auku. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, don zargin an sa masa abin hana haihuwa. Jama'a kuwa ba su manta da 1996 ba, lokacin da aka gwada maganin Trovan kan yara masu sanƙarau, waɗansunsu suka rasu. Ba a koma ba sai Yulin 2004, da aka samo maganin daga Indunisiya. Kafin nan cutar ta tsallaka waɗansu ƙasashe.

A 2014 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka kasa dalilan nan uku, watau rashin amincewa da maganin ko masu kawo shi, da raina cutar, da wahalar samun allurar. A 2019 hukumar ta sa wannan ɗari-ɗari cikin abubuwa 10 masu barazana ga lafiyar duniya.

Da korona ta zo a 2020, aka tambayi mutane a ƙasashe 15 na Afirka. Wajen 79 cikin 100 suka ce za su karɓa, in dai ba lahani kuma tana aiki. Ran 2 ga Maris 2021 allura kusan miliyan 4 ta iso Abuja, amma a Disambar shekarar aka lalata fiye da miliyan 1, don an kawo ta dab da ƙarewar wa'adinta. Ashe ba kullum laifin talaka ba ne.

To, malamai da akawuna, ku jama'a ke tambaya idan sun ji jita-jita. Kada ku yi wa mai shakka dariya, ku ji dalilinsa tukuna. Da sarakuna da limamai suka sa baki, an kori shan inna ta asali daga Afirka, aka yi shela ran 25 ga Agusta 2020. Lalle da amincewa aka ci wannan yaƙi, da ita za a ci na gaba. Allah ya kiyashe mu da annoba, amin.