Ƙungiyoyin masu fasaha a Abuja: sun riƙe sana'a, amma ba su da wurin ajiye ta

Tun da aka kafa ma'aikatar fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira a watan Agustan 2023 aka damƙa ta ga Hannatu Musa Musawa, akwai adadin da ake ta maimaitawa a taruka: wannan fanni zai zuba wa tattalin arzikin Nijeriya dala biliyan 100 nan da shekarar 2030. Ba na ƙin a ci babban buri. Abin da ya dame ni shi ne a birnin da ake faɗin wannan adadi, Hukumar Adana Zane-zane ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1993, har yau ba ta da ginin kanta na dindindin inda ɗan makaranta zai shiga ya ga aikin manyan masu zane irin su Ben Enwonwu ko Yusuf Grillo a rataye. Idan hukumar gwamnati ba ta samu matsuguni ba, ina ga mai zanen da ke haya a Kubwa, ko baduku da ya taso daga Sakkwato da jakunkunansa?

Wannan giɓi ne ƙungiyoyin masu fasaha suke ta ƙoƙarin cikewa, kuma nauyin da ke kansu ƙaruwa yake yi. Reshen Abuja na Ƙungiyar Masu Zane ta Nijeriya, wadda aka fi sani da SNA, shi ke haɗa kan mambobi a kama zaure a yi baje kolin haɗin gwiwa. Ƙungiyar mata masu zane, FEAAN, wadda ta soma a 2001, tana yin nata, sau da yawa a daidai bikin ranar mata ta duniya a watan Maris. A Ushafa, cikin ƙaramar hukumar Bwari, matan Gbagyi masu ginin tukwane suna aiki a inuwa guda. 'Yan kasuwar kayan gargajiya su ma suna da tasu ƙungiyar. Aikin dai kusan iri ɗaya ne: a tara kuɗi, a raba tsadar zaure da ta buga takardun gayyata, a jawo sabon shiga a rataye aikinsa kusa da na manya, a shirya bita ga yara, a tsaya wa ɗan'uwa idan ya shiga matsala. Aiki ne na alheri, kuma ba don shi ba da yawancinsu sun ajiye burushi. Sai dai ra'ayina shi ne yawaitar wannan aiki alama ce ta ciwo, kuma ciwon sunansa rashin wuri.

An zana Abuja a takarda bayan dokar 1976, gwamnati ta tare a cikinta a Disamban 1991. An ware wa ma'aikatu wuri, an ware wa ofisoshin jakadanci da otal-otal da unguwannin manya. Mai sana'ar hannu, wanda aikinsa ke buƙatar fili da hayaƙi da ƙara da ruwa, shi ne ba a yi lissafi da shi yadda ya kamata ba. A Kano kowa ya san inda marina suke: karofin Ƙofar Mata yana nan tun ɗaruruwan shekaru. A tsofaffin biranenmu unguwa kan ci sunan sana'ar mazaunanta, shi ya sa ake da unguwannin Dukawa da Maƙera da Majema. Yaro yana tashi yana jin bugun guduma, ya koya ba tare da an rubuta masa takardar shiga ba. Abuja ba ta da irin wannan. Duk ƙasar birnin a hannun gwamnatin tarayya take, ministan birnin ne ke rabawa, kuma duk wanda ya kafa rumfa ba da takarda ba ya san rusau na iya zuwa masa kowace safiya. Haya a Wuse ko Maitama kuwa ta fi ƙarfin wanda ke sayar da zane ɗaya a wata biyu. Sakamakon haka mai zane yana kwana a Nyanya ko Lugbe ko Gwagwalada, mai saye yana Asokoro, kuma babu wata tsayayyiyar mahaɗa tsakaninsu.

Gwamnatoci sun yi alkawarin wannan mahaɗa. Hasumiyar Millennium da cibiyar al'adun da ke haɗe da ita, waɗanda aka soma ginawa a 2006 a tsakiyar birni tsakanin babban masallaci da babbar majami'a ta ƙasa, su ne ya kamata su zama gidan fasahar ƙasa. Shekaru sun shuɗe ba a kammala ba. Cibiyar Cyprian Ekwensi da ke Garki tana ɗaukar wasu taruka, amma cibiya ɗaya ba ta isar birnin da miliyoyin mutane ke zaune a ciki da kewayensa.

Abin da ya fi fito da matsalar fili shi ne labarin ƙauyen fasaha da sana'o'in hannu, bukkokin nan da ke kusa da otal ɗin da a da ake kira Sheraton. Shekara da shekaru nan ne baƙo ke zuwa idan yana son tsaraba: takalma da jakunkuna na dukawan Kano da Sakkwato, tagulla da duwatsun wuya na Bida, rinannen yadi, ƙwarya mai zane, sassaƙa daga kudu. Hausawa da yawa a nan suka yi arziki, suka aurar da 'ya'ya, suka riƙe masu yi musu aiki a gida. A Disamban 2017 gobara ta cinye wani ɓangare na wurin. A 2018 Hukumar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa, a ƙarƙashin Olusegun Runsewe, ta rufe shi da cewa za a gyara kuma a tsabtace shi daga ɓata-gari, rikici ya kai gaban kotu, 'yan kasuwa suka watse. Ko da hukumar na da hujja a kan gyara, abin lura shi ne ƙungiyar 'yan kasuwar ta yi ƙara, ta yi magana da 'yan jarida, amma ba ta da abin da za ta riƙe, domin filin ba nata ba ne. Kuma asarar ba a Abuja kaɗai ta tsaya ba. Kowace rumfa da aka rufe, akwai majemi da baduku da mai rini a wani gari da odarsu ta yanke.

Wanda ke shakkar cewa wuri ne tushen magana, ya ciro naira 20 ya dubi bayanta. Ladi Kwali ta iya ginin tukwane tun tana yarinya a ƙauyen Kwali, kuma akwai mata da yawa a ƙasar Gbagyi da suka iya. Abin da ya canza rayuwarta shi ne cibiyar koyar da tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a farkon shekarun 1950 a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, zamanin Sarki Sulaimanu Barau, wanda shi kansa yana tara tukwanenta a fadarsa. Ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. A can akwai murhun gashi mai zafin gaske, akwai yumɓu da aka gwada, akwai rumfar aiki da ba a tashin kowa daga cikinta, akwai abokan aiki da ake koyo daga juna. Daga nan tukwanenta suka kai Landan, ta zagaya Turai da Amurka tana nuna gwanintarta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Baiwar tata ce, ba wanda ya ba ta sai Allah. Amma baiwar ta samu inda za ta zauna. Bayan rasuwarta a 1984 cibiyar da aka sa wa sunanta ta yi ta ja da baya har ta shafe shekaru a durƙushe, kuma tun daga lokacin ba a sake fitar da kamarta ba. Ushafa ma haka: shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci ƙauyen a Agustan 2000, sunan garin ya zagaya duniya, kuma abin da ya sa har yanzu ake zuwa sayen tukwane a can shi ne matan suna da tsayayyen wurin da aka san za a same su.

Akwai dalili na biyu da ke ƙara wa ƙungiyoyin nauyi, kuma ba ƙarami ba ne. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da sakin naira a watan da ya biyo baya, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen shekarar. Fenti mai kyau da burushi da yadin zane galibi daga waje ake shigo da su. Kuɗin mota daga bayan gari zuwa cikin birni ya ninka. Ma'aikacin da a da yake iya sayen ƙaramin zane ya rataya a falo yanzu buhun shinkafa yake lissafi. Wannan ya ƙara tura masu zane cikin ƙungiya, don abin da mutum ɗaya ba zai iya ba, goma za su iya. Amma tsadar ta zo ne ta tarar da rashin wurin, ba ita ta haife shi ba.

Wasu za su ce zamani ya wuce maganar gini, mai zane ya ɗora aikinsa a Instagram ya sayar wa wanda ke Landan ko Dubai. Wasu kuma su ce matsalar ita ce mutanenmu, musamman a Arewa, ba su da al'adar sayen zane, ko suna ƙyamar surar mai rai saboda addini. Akwai ƙamshin gaskiya a duka biyun. Matasa kaɗan suna cin abinci ta waya, ban musa ba. Sai dai waya ba ta gasa tukunya, ba ta jeme fata, kuma mai sayen aiki mai tsada yana son ya gan shi da idonsa. Batun addini kuwa an cika zuzuta shi. Mutanen da ke biyan kuɗi mai yawa a kan aikin babbar riga da hular zanna, suke ƙawata soro da zanen dagi, suke girmama allon zayyana, ba za a ce ba su san darajar aikin hannu ba. Gidajen baje koli masu zaman kansu irin su Nike da Thought Pyramid da Retro Africa sun nuna cewa akwai masu saye a Abuja. Amma su 'yan kasuwa ne, dole su zaɓi wanda aikinsa zai fita, ba za su ɗauki kowa ba.

To me dogaro da ƙungiya ya haifar? Alherinsa a bayyane yake: sabon mai zane yana samun bangon farko da zai rataya aikinsa, mata suna samun murya a fagen da maza suka daɗe da mamayewa, kuma hukuma ta fi sauraron taro a kan mutum ɗaya. Illarsa ce ba a cika faɗa ba. Ƙungiyar da ba ta da gida, rayuwarta takan koma daga wannan baje koli zuwa wancan. A yi kwana biyar ko mako guda a zauren otal ko harabar wani ofishin jakadanci, manyan baƙi su yanke ƙyalle, a ɗauki hoto, sannan kowa ya naɗe kayansa ya koma da su ɗakin haya inda damshi da ƙura ke jiransu. Wanda ya ba da zaure kuma yakan yi tasiri a kan jigon da za a zana, har mai zane ya fara tunanin abin da zai burge mai masauki kafin abin da ke ransa. Koyarwa ma ta koma bitar yini biyu, alhali kowa ya san ba a zama gwani sai an yi shekaru a gaban maigida.

Illar da ta fi ci mini rai ita ce rabuwar kai. SNA, wadda aka kafa a 1963, ta taso ne daga hannun masu ilimin zane na makaranta, ciki har da waɗanda suka fito daga Zariya, kuma har yau ƙarfinta a wajen masu takardar shaida yake. Baduku da maƙeri da mai ginin tukwane suna can gefe da tasu ƙungiyar, ana kiran nasu aikin sana'a, na wancan kuma fasaha. Amma ai abin da masu zane irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka tashi a kai a Zariya a 1958 shi ne a koma ga fasahar gida a gina sabo a kanta. Kuma Ladi Kwali, wadda fuskarta ke kan kuɗin ƙasa, ba ta yi karatun boko ba. A tsarinmu na da, Sarkin Maƙera ko Sarkin Magina yana magana da yawun duk masu sana'ar a gaban sarki, kuma ana jin maganarsa domin babu wanda ke wajen inuwarsa. Ƙungiyoyin Abuja kowace tana zuwa ofis ita kaɗai, da 'yan mambobinta, tana roƙon zaure na mako guda. Tsintsiya sai a ɗaure take shara.

Saboda haka ina ganin lokaci ya yi da shugabannin SNA da FEAAN da matan Ushafa da 'yan kasuwar kayan gargajiya za su zauna wuri ɗaya su fitar da buƙata guda: fili a cikin birni, da takardar mallaka ko ta doguwar haya da sunan gamayyarsu, mai ɗauke da rumfunan aiki masu sauƙin kuɗi, da murhun gashi, da ma'ajiya, da zauren da ba sai an roƙa ba. Ministan Abuja, Nyesom Wike, yana da ikon sa hannu a kan irin wannan fili. Ma'aikatar fasaha kuma, idan da gaske take a kan dala biliyan 100, ta fara da sama wa Hukumar Adana Zane-zane ginin da aka shafe fiye da shekara 30 ana jira. Sarakunan yankin da 'yan majalisar da mutanensu ke cin abinci a wannan sana'a, daga Bwari da Kwali har Kano da Bida, su sa baki a maganar tun kafin sauran filayen tsakiyar birni su ƙare a hannun masu gina rukunin shaguna.