Itacen Fain Ba Ya Rayuwa Shi Kaɗai

Duk wanda ya taɓa zuwa Jos ko tsaunin Mambila, ya ga dogayen itatuwan nan masu ganye siriri kamar allura, waɗanda ke zama kore shar rani da damina, da wuya bai yi marmarin ganin ɗaya a ƙofar gidansa ba. Wannan marmari shi ke kai mutane wurin masu sayar da dashe a bakin titunan Legas da Abuja da Kaduna, su biya kuɗi masu tsoka, bayan 'yan watanni kuwa dashen ya yi rawaya, ya tsaya cik, ya bushe. Galibi akan ɗora laifin a kan ƙarancin ruwa, alhali kuwa ba nan gizo ke saƙa ba.

Da farko dai, ba kowane itace mai siririn ganye ne fain ba, kama da wane ba wane ba ne. Kasharina, wadda ta yawaita a bakin teku, ita ce aka fi rikitawa da shi. Bambancewa ba wuya. Mai saye ya ciri sili ɗaya ya ja: in ya tsinke gaɓa gaɓa, kasharina ce. Fain na ainihi kuwa alluransa a ɗaure suke fitowa daga tushe guda, uku uku ga irin da ake kira Pinus caribaea, biyar biyar ga Pinus oocarpa. Dukansu biyu baƙi ne, daga ƙasashen Amurka ta Tsakiya irin su Honduras aka kawo su, kuma ma'aikatan gandun daji sun daɗe suna dasa su a Afaka kusa da Kaduna da kuma kewayen Jos.

Babban sirrin itacen nan yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwoyin fain ba su da ƙwazon tsotso abinci su kaɗai, sai sun haɗa kai da wata irin funfuna, dangin naman kaza, wadda ke lulluɓe ƙananan saiwoyi, ta miƙa zarenta cikin ƙasa ta jawo wa itacen ruwa da sinadarai, shi kuma ya biya ta da abincin da ganyensa ke haɗawa. Masana suna kiran wannan ƙawance maikoraiza. Ƙasar da fain bai taɓa zama a cikinta ba sau da yawa ba ta da irin funfunar da yake bukata. An ga haka ƙarara a tsibirin Fuwato Riko, inda aka yi shekaru ana dasa fain yana mutuwa, har sai a 1955 da aka ɗebo ƙasa daga gindin itatuwan fain na jihar Karolina ta Arewa a Amurka aka zuba wa dashen, sa'an nan ya kama. Saboda haka tambayar da ta kamata mai saye ya yi wa mai dashe ita ce daga ina ƙasar da ke cikin ledar ta fito. In ba a gamsu ba, a samo tafi ɗaya ko biyu na ƙasa daga gindin tsohon fain mai lafiya a gauraya a ramin, tun ba ta sha rana ta bushe ba.

Sauran aikin bai kai wannan wuya ba. A zaɓi fili mai rana sosai, inda ruwa ba ya kwanciya, a dasa bayan damina ta kankama, kada a binne gindin fiye da yadda yake a leda. Fain yana son ƙasa mai ɗan tsami, don haka toka da ɓaraguzan siminti ba alheri ba ne gare shi, haka nan ɗanyen taki. A kewaye shi saboda awaki, a riƙa ba shi ruwa a raninsa na farko da na biyu.

Abin da masu gida suka fi mantawa shi ne girma. Dashen da bai wuce gwiwa ba yana iya zarce ƙafa 80 in wuri ya karɓe shi, don haka a nisanta shi da katanga da wayar lantarki. Wanda kuwa ya ce zai gyara kuskure da sare kansa ya ɓata itacen ke nan, domin fain ba kamar dogon yaro ba ne da ake datsewa ya sake tofowa. Reshen da aka yanke har inda ba ganye ya tafi ke nan. Busassun alluran da ke zuba suna tsare laima a gindi, amma lokacin hunturu su da ƙaron jikin itacen makamashi ne, sai a nisanta su da murhu da wurin ƙona shara.

Jos tana bisa tudu mai tsawon ƙafa 4,000 ko kusa da haka, Mambila kuwa ta zarce 5,000, sanyinsu da ruwan samansu ne ke raya fain. A Sakkwato ko Maiduguri, inda rani kan kai wata bakwai ko takwas, a ganina kuɗin dashen da na ruwan gara a kashe su a kan itacen da ya saba da zafin wurin.