Asibitin Gwamnati da Asibitin Kuɗi: Dusashewar Iyaka a Harkar Lafiya a Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Bakano ya raba wuraren neman lafiya gida biyu, “asibitin gwamnati” da “asibitin kuɗi”. Sunan na biyu yana ɗauke da wani zato, wato cewa na farko ba a biyan komai a cikinsa. Wannan maƙala ta duba yadda zaton ya daina dacewa da abin da majinyaci yake tararwa a unguwannin cikin ganuwa, da kuma abin da hakan ke jawo masa.

2.0 Tushen Rabuwar

Kafin zuwan Turawa a 1903, magani sana’a ce ta gado. Wanzami da ungozoma da maɗori kowa da fagensa, ladansu kuma yana fitowa daga hannun mai jinya. Asibitin Birni da ke daura da Ƙofar Mata, wanda aka sauya wa suna zuwa Asibitin Murtala bayan rasuwar Janar Murtala Muhammad a 1976, shi ya dasa tunanin cewa jinya nauyi ne da ke wuyan hukuma. Asibitin Yara na Hasiya Bayero da Asibitin Haihuwa na Sabo Bakin Zuwo da ke Jakara sun ƙara ƙarfafa wannan tunani.

3.0 Inda Iyakar Ta Dusashe

Na farko, kuɗi sun shiga asibitin gwamnati. Tsuke bakin aljihu na shirin SAP daga 1986, da Shirin Bamako na 1987, sun yaɗa tsarin asusun magani mai juyawa: majinyaci ya biya, a sake sayo magani da kuɗinsa. Idan kantin asibiti ya rasa magani, sai a rubuta takarda, mai jinya ya tsallaka titi zuwa kemis. Ta haka gado ya zama na gwamnati, allura da ƙarin ruwa kuwa na ɗan kasuwa.

Na biyu, ma’aikaci ɗaya yana iya sanya riga biyu. Ƙa’idojin Hukumar Likitoci ta Nijeriya sun bai wa manyan likitocin gwamnati damar duba marasa lafiya a wurinsu na kansu bayan tashi daga aiki. Haka kuma ma’aikacin jinya da ke zaune a unguwa ba ya rabuwa da maƙwabta masu neman allura ko wankin ciwo da daddare. A bakin jama’a duk “likita” ne, har da mai kemis, wanda lasisinsa bai wuce sayar da ƙananan magunguna ba. Wannan faɗaɗar ma’ana ta kalma guda ta isa shaida a kan yadda matsayi ya cakuɗe.

Na uku, gwamnati da kanta ta zama mai sayen aiki. Tsarin inshorar lafiya na ƙasa da ya fara aiki a 2005, da hukumar KSCHMA ta Jihar Kano, suna biyan asibitocin kuɗi domin su duba waɗanda suka yi rajista. A nan gini na ɗan kasuwa ne, kuɗin kuwa daga asusun jama’a suke fitowa.

4.0 Abin da Ke Cikin Hatsari

Cakuɗuwar ba ta rasa amfani ba, domin tana rage cunkoso, tana kuma kusantar da magani ga lungunan Dala da Gwale a lokacin da layin asibiti ya yi tsawo. Sai dai tana ɓatar da sawun alhaki. Idan jinya ta ɓaci bayan an duba mutum a wuri guda, an yi masa gwaji a wani, an sayo magani a na uku, wa za a tuhuma? Jihar Kano ta kafa hukumar PHIMA domin sa ido a kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu, lasisin masu kemis kuwa yana hannun hukumar PCN ta tarayya. Majinyaci ɗaya ke nan, amma hukumomin da ke kula da tafiyarsa sun rarrabu, kuma talakan da ba shi da wani sani a asibiti shi ya fi shan wahalar wannan giɓi.

5.0 Kammalawa

Kalmomin “gwamnati” da “kuɗi” a yau sun fi nuna mai ginin, ba wanda ke biya ko wanda ke yin aikin ba. Manazarcin harshe da al’ada zai amfana idan ya bibiyi yadda Kanawa ke amfani da “likita”, “kemis” da “asibiti” a zancen yau da kullum, domin a nan ake ganin wanda suka amince wa da lafiyarsu, da kuma wanda suke ɗora wa laifi idan jinya ta ƙi.