Wa Ke Da Izinin Sayar Da Wutar Lantarki A Kasuwar Sari? Darasi Daga Maiduguri

MAIDUGURI — A watan Janairun 2021 'yan ta'adda suka rushe manyan turakun da ke ɗauke da wutar lantarki daga Damaturu zuwa Maiduguri. An gyara su a watan Maris, ba a jima ba aka sake tarwatsa su. Birnin ya shafe watanni cikin duhu, masu injin niƙa da masu ƙanƙara da masu walda suka koma ga janareta da man dizal mai tsada. Tun daga lokacin 'yan kasuwa ke tambaya: me zai hana mai hali ya kafa tasharsa, ya sayar wa jama'a wuta? Amsar tana cikin dokokin kasuwar sari.

Kasuwar sari ita ce inda kamfanonin samar da wuta ke sayar da ita da yawa ga kamfanonin rarrabawa, su kuma su sayar wa gidaje da shaguna. A zamanin NEPA babu wannan kasuwa, domin hukuma guda ce ke samarwa, ta ɗauko, ta rarraba. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ce ta share fagen raba ta gida 18: kamfanonin samarwa 6, na rarrabawa 11, da kamfanin TCN mai kula da manyan layuka. Ita ce kuma ta kafa hukumar NERC mai ba da lasisi. A 2013 aka miƙa yawancin kamfanonin ga 'yan kasuwa. Jihar Borno tana ƙarƙashin kamfanin rarrabawa na Yola, tare da Adamawa da Taraba da Yobe.

Ma'aunin farko shi ne girman tasha. Wanda abin da yake samarwa a wuri guda bai wuce megawat 1 ba, doka ba ta tilasta masa neman lasisin samarwa ba. Wanda ya haura haka don amfanin masana'antarsa kaɗai, takardar izini yake nema, kuma ba ta ba shi damar buɗe ciniki da wutar ba. Wanda kuwa ke nufin sayarwa, sai da cikakken lasisi.

Lasisi shi kaɗai ba ya isa. Mai son ɗora wutarsa a kan babban layin ƙasa sai ya ƙulla yarjejeniyar haɗawa da layin, ya yi rajista a kasuwar, ya nuna inda zai sami makamashi, sannan ya samo mai saye da zai sa hannu kan yarjejeniya. Dalilin wannan tsauri a fili yake: wuta ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu. Dole abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake sha a kowane lokaci, kuma tasha guda marar inganci na iya jawo wa layin baki ɗaya matsala.

Shekaru da dama kamfanin gwamnati na NBET, wanda aka kafa a 2010, shi ne babban dillali tsakanin masu samarwa da masu rarrabawa. A 2024 NERC ta umarce shi da ya daina ƙulla sababbin yarjejeniyoyi, domin ɓangarorin biyu su riƙa ciniki kai tsaye. Wannan ya buɗe ƙofa, amma ya ɗora wa mai tasha nauyin tantance ko mai sayensa zai iya biya.

Akwai kuma hanyoyin da suka fi dacewa da gari mai nisa irin Maiduguri. Ƙa'idar 2012 ta amince tasha ta haɗa da layin kamfanin rarrabawa kai tsaye. Ta 2017 ta ba manyan masu amfani da wuta damar saye daga hannun mai samarwa. Tashar gas mai megawat 50 da kamfanin NNPC ya gina a Maiduguri, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Maris na 2023, ta nuna amfanin samar da wuta kusa da masu shanta.

A wannan shekarar ta 2023 aka gyara tsarin mulki, aka kuma kafa sabuwar Dokar Lantarki, wadda ta ba jihohi ikon kafa kasuwarsu da hukumarsu. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara karɓar wannan iko a 2024. Cinikin da ya tsallaka iyakar jiha yana nan a hannun NERC.

Saboda haka, ɗan kasuwar da ke shirin zuba jari ya kamata ya tabbatar da abubuwa uku kafin ya sayi inji: girman tasharsa, layin da zai bi, da wanda zai biya shi kuɗin wutar. Su ne za su nuna masa ƙofar hukumar da zai ƙwanƙwasa.