Darasin 'Yanci a Cikin Waya

An daɗe ana manna takarda a bangon ofisoshin 'yan sanda cewa beli kyauta ne, da Turanci, mutane kuma suna ta biya. Babi na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya jera haƙƙoƙin ɗan ƙasa, shi ma da Turancin lauyoyi yake. Wannan giɓi ne wayar hannu ta fara cikewa.

Dalilin a fili yake: saƙon murya a WhatsApp ba ya tambayar ko mutum ya yi boko. Lauya zai zauna gaban kyamara minti biyu, ya bayyana da Hausa cewa dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, kafin dare magana ta kai majalisar mai shayi. Shirin rediyon Brekete Family na Ahmed Isah a Abuja, da ake kallo kai tsaye a Facebook da YouTube, ya koya wa dubban mutane cewa ƙorafi yana da inda ake kai shi.

Amma darasin da ya fi shiga jiki shi ne na waɗanda abin ya shafa. A Fabrairun 2019 matan Arewa suka soma ba da labarin cin zarafin da aka yi musu ƙarƙashin #ArewaMeToo, maganar da a da ake binnewa a ɗaka don gudun abin kunya. Bidiyoyin #EndSARS kuwa sun sa an rusa rundunar 'yan sanda ta SARS a Oktoban 2020.

Sai dai sanin haƙƙi daban, samunsa daban. Kotun waya kuma tana yanke hukunci tun kafin ta ji ta bakin wanda ake zargi, alhali sauraron kowane ɓangare shi ma haƙƙi ne. Brekete ɗin ma an dakatar da gidan rediyonsa a 2021, bayan an ga jagoran shirin ya mari wata mata.

Uwa uba, makunnin sadarwar yana hannun hukuma. An katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021 da sunan yaƙi da 'yan bindiga. An rufe Twitter a faɗin ƙasar daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma sai bayan wata shida da buɗe shi kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa wa doka.