Ɗan Ƙodagon Da Inji Ya Ji Wa Rauni: Yadda Zai Nemi Lauya Da Diyya

A da, da sanda da turmi a ke sussuka, iyakar abin da zai sami mutum kanta a hannu ko ƙaiƙayi a ido. Yanzu kuwa da kaka ta yi sai injunan sussukar masara da na casar shinkafa su dinga bin gona gona, ga tarakta, ga injin niƙa a kowace kasuwa. Inji ya rage wahala ƙwarai, amma ba ya bambanta zangarniya da yatsa. Bel ya kan fizgi hannun riga, kafin a kashe inji hannu ya tafi. Galibi abin da kan biyo baya shi ne mai inji ya biya kuɗin ɗinki, ya ba da ɗan abin cefane, dattawa su ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Ƙaddara ce, gaskiya ne. Amma mutumin da ke ci da iyali da ƙarfinsa, ranar da ya rasa hannu ya rasa jarinsa duka, kuma dokar Nijeriya ta yanka masa hakki.

Dokar nan ita ce ta biyan diyya ga ma'aikata, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamba 2010, ta maye gurbin ta 1987. Ta ce kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da ya ke biya a wata cikin wani asusu da hukumar NSITF ke riƙe da shi. Daga aljihunsa zai biya, an hana shi yanka daga ladan ma'aikaci. Ba akawu mai albashin wata kaɗai dokar ta ke nufi ba. Lebura mai aikin yini, da ɗan koyo, da mai aikin wucin gadi duk su na ciki. Har wa yau hatsarin da ya sami mutum a kan hanya tsakanin gidansa da wurin aiki a na lissafta shi, haka kuma cutar da aikin ya jawo, kamar wadda guba ke sa wa masu aiki da ita.

Wanda rauni ya nakasa shi gaba ɗaya, a kan biya shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. In rai ya yi halinsa, matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye ita ma kashi 90 ne, mai ɗa ɗaya kashi 85. Akwai kuma kuɗin magani da na hannu ko ƙafar roba.

Sai dai hakkin nan ya na da wa'adi, nan ne kuwa mutanen karkara suka fi yin hasara. Wajibi ne a sanar da mai aiki cikin kwana 14 da aukuwar abin. Shi kuma ya kai rahoto NSITF cikin kwana 7. Takardar neman diyya a shigar da ita cikin shekara 1, ko da ya ke in akwai uzuri mai ƙarfi a kan ɗaga zuwa shekara 3. Mutum ya na kwance gida a na ɗori, 'yan'uwa na jiran mai inji ya cika alkawarin da ya ɗauka da baki, kwanaki na ta wucewa. Saboda haka tun a mako na farko wani mai ilmi cikin dangi ya rubuta takarda: rana kaza, wuri kaza, inji kaza, ga abin da ya faru, ga waɗanda suka gani. A miƙa ɗaya, a ajiye ɗaya. A je asibiti ko da a na maganin gida, gama hukuma da kotu takardar likita su ke dubawa. A adana hoton ƙashi da kowane rasiɗi.

To, yaushe a ke bukatar lauya? In mai aikin ya yi rajista, ya na biyan kasonsa, bai kuma yi musu ba, a kan cika takardun NSITF ba tare da lauya ba, ba a ma tambayar laifin wane ne. Amma manyan kamfanoni su suka fi yin rajista. Masu gonaki da ƙananan masana'antun shinkafa da yawa ba su yi ba, waɗansu ba su ko taɓa jin dokar ba. In ba rajista, ko mai aiki ya ce bai san mutumin ba, ko hukuma ta ƙi biya, lalle sai da lauya. Hukuncin hukumar a na iya neman ta sake duba shi cikin kwana 180, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Tun gyaran tsarin mulki na 2010 ita ce ke da ikon jin shari'ar aiki, ta na kuwa zama a Kano, Kaduna, Jos, Sakkwato da Abuja, da waɗansu garuruwa. Kotun nan ta sha jin ƙarar ma'aikatan da suka nakasa saboda sakacin mai aiki, ta kuma yanka musu diyya. Sai dai a wannan hanya dole a tabbatar da sakacin, watau a nuna an bar bel a buɗe ba murfi, ko an sa yaro kan inji ba a koya masa ba. Shari'a kuwa ta kan ja.

Akwai wani wuri mai santsi. In wani na dabam ne ya jawo raunin, misali direban wata mota ya kaɗe lebura ya na lodin buhuna, to, mutum zai zaɓa: ko ya nemi diyyar asusu cikin wata 6, ko ya kai direban ƙara. In ya zaɓi kotu ya rufe wa kansa ƙofar asusu. Lauyan da aka je wa ya kasa bayyana wannan dalla dalla, ba aikinsa ba ne, a nemi wani. Lauyoyi kamar maƙera su ke, wani garma ya iya, wani wuƙa. Gwanin shari'ar filaye ko ta gado ba lalle ne ya san ta ma'aikata ba, ba rashin kunya ba ne kuwa a tambaye shi ko ya taɓa tsayawa a Kotun Ma'aikata.

Marar hali ya fara da ofishin taimakon shari'a na gwamnati, wanda aka fi sani da Legal Aid. An kafa shi a 1976, ya na da ofis a kowace jiha, dokarsa ta 2011 kuma ta ambaci diyyar ma'aikata cikin abin da ya ke tsaya wa mutane kyauta. An yi shi ne domin wanda samunsa bai wuce mafi ƙanƙantar albashi ba, wanda aka ɗaga zuwa naira 70,000 a 2024. Mai ƙungiya ya tuntuɓi ƙungiyarsa. Reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA da ke garin shi ma zai faɗi ko wane lauya ne na gaske. Lauyan gaske sunansa na cikin littafin Kotun Ƙoli, takardunsa kuma na ɗauke da hatimin ƙungiyar.

Wanda ya kamata a guje wa shi ne ɗan kamasho mai zagaya gadajen asibiti ya na cewa ya san wani lauya mai zafi. Ƙa'idar aikin lauya ta hana farautar masu rauni, ta hana biyan wani lada don ya kawo su. Haka kuma duk wanda ya rantse za a ci shari'a tun bai ga takarda ko ɗaya ba.

Batun lada a gama shi tun ranar farko, a rubuce. Waɗansu lauyoyi su kan yarda a biya su wani kashi daga abin da aka samu, in ba a samu ba shi ke nan. Wannan ya halatta a irin wannan shari'a, muddin kashin bai wuce kima ba. Amma a tambaya: kuɗin shigar da ƙara, da na rahoton likita, da na motar shaidu, wa zai biya? Daga cikin kashin ne ko ban da shi? A karanta wa mutum yarjejeniyar da Hausa kafin ya dangwala yatsa, ya tafi da tasa gida.

Sulhu ba laifi ba ne, sau da yawa ma ya fi sauri, musamman in mai injin maƙwabci ne. Sai dai kada a yi shi kafin likita ya faɗi iyakar nakasar, gama raunin da aka ɗauka na wata ɗaya ya kan zama na har abada. Takardar da mai aiki zai kawo gadon asibiti wai an yafe diyyar asusu, doka ta ce ba ta da ƙarfi. Duk da haka kada a sa mata hannu sai lauya ya gani.

Manomin da ke ɗaukar 'yan ƙodago shi ma maganar ta shafe shi. Mai biyan naira 500,000 a wata, kasonsa naira 5,000 ne, ofisoshin NSITF kuwa su na manyan garuruwan jihohi.